Yaushe Ka Daina Salla?

Wata Asabar bayan La'asar ɗan ƙanwata ya same ni a zaure da takarda a hannu. Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ga shi yana neman aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a cikin gari. An ce ya rubuto wasiƙa da Turanci ya bayyana ko shi wane ne. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo takardar da hannu biyu, ya ce, "Kawu, a ɗan duba mini kafin in kai."

Na sa tabarau na soma karantawa. Rubutu tsaf, babu kaca-kaca, sakin layi a inda ya dace. Ina cikin yaba masa a zuci sai na ci karo da wannan jimla: "I used to pray five times daily and I used to respect my elders."

Na zare tabarau na dube shi. Na ce, "Kai, yaushe ka daina salla?"

Ya zaro ido. "Subhanallahi! Ni, Kawu? Ai sahu ɗaya muka tsaya a La'asar ɗin nan."

Na ce, "To ga shi ka rubuta da hannunka, har kana shirin sa hannu a ƙasa, cewa a da kakan yi salla sau biyar, a da kakan girmama manya. Duk wanda ya karanta wannan zai ɗauka yanzu ka watsar da duka biyun."

Shekara 35 na yi ina koyar da Turanci a makarantun sakandare na gwamnati, kuma ban ga kuskuren da ya kai wannan taurin rai ba. Ka kashe shi a aji ɗaya, ka tarar da shi ya tsiro a aji uku. Yana bakin ɗalibi, yana bakin malami, na sha jin sa a bakin manyan ma'aikata a wurin taro. Abin da ya sa ya ƙi mutuwa kuwa, tushensa a cikin Hausarmu yake, shi ya sa daga can zan faro.

Bahaushe yana da wata 'yar ƙaramar kalma mai yi masa babban aiki, wato "kan". Nakan je, yakan zo, mukan haɗu, akan yi. Malaman nahawun Hausa suna kiran wannan lokaci sabau, domin yana nuna abin da aka saba yi. To amma lura da wani abu: "kan" ba ta da ruwa da jiya ko yau. Idan na ce "nakan sha fura da rana", mai sauraro zai ɗauka har yanzu ina sha. In ina so ya san na bari, sai na ƙaro wata kalma daga waje, in ce "a da nakan sha fura da rana". Wannan "a da" ita ce ke mayar da maganar baya.

Yaro ya shiga makaranta da wannan tsari a kansa. Ran da malami ya rubuta "used to" a allo ya ce tana nuna abin da ake yi a kai a kai, sai yaro ya yi murna ya ce ga "kan" ɗin Turawa ta samu. Daga nan duk inda Hausa za ta ce "nakan", sai ya dasa "I used to". Abin da bai sani ba, ita "used to" da "a da" ɗinta a ciki take tafe, kamar akuya mai ciki: ka saye ta, ka sayi abin da ke cikinta. Ba ta fassara "nakan". "A da nakan" take fassarawa, kuma tana ɗauke da ƙarin labari cewa yanzu abin ya wuce.

Shi ya sa wurin da ta fi zama daram shi ne wurin abubuwan da suka shuɗe. "There used to be groundnut pyramids in Kano." A da akwai dalar gyaɗa a Kano, yanzu sai a hoto. "Lagos used to be the capital of Nigeria." Legas ce babban birni har zuwa Disamba 1991 da aka koma Abuja. "We used to spend pounds and shillings." Fam da sule muke kashewa kafin naira da kwabo su shigo a Janairu 1973. Mutumin Damagaram ma yana da tasa: "Zinder used to be the capital", domin can ne mazaunin mulki kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926. Kowace daga cikin jimlolin nan tana faɗin abu biyu a lokaci guda, ya kasance, kuma ya daina kasancewa.

Ɗan ƙanwata ya ce, "To Kawu, abin da nake yi har yanzu fa? Yaya zan faɗe shi?"

Na karɓi bironsa na soke kalmomi biyu a nan, biyu a can. Jimlar ta koma "I pray five times daily and I respect my elders." Ya kalle ta ya ɓata fuska, ya ce shi a ganinsa ta yi tsirara, kamar an manta wani abu. Na san wannan kukan, ɗalibai sun sha yi mini shi. Kunnen Bahaushe ya saba da jin "kan", saboda haka in bai ga wata kalma a gurbinta ba sai ya ji jimlar ba ta cika ba. Alhali a Turanci aikatau shi kaɗai, ba ado, shi ne ke ɗaukar al'adar yau da kullum. "I pray" ta wadatar. "She sells kola nuts" na nufin sana'arta ke nan. Wanda kuma ya matsu sai ya sa wa jimlarsa riga, akwai "usually", akwai "always", akwai "often", akwai "normally". "I usually eat tuwo at night", nakan ci tuwo da dare. Wannan ce 'yar'uwar "kan" ta gaskiya.

Akwai masu wayo da ke ganin sun samo mafita. Sun ji cewa harafin "d" a ƙarshen aikatau alamar shuɗaɗɗen lokaci ne, sai su ce to a cire shi mana, magana ta dawo yau. Su rubuta "I use to pray", su ce ga ta nan ta zama ta yanzu. Hankali ya yarda da wannan lissafi, kuma abin dariyar shi ne akwai zamanin da Turawa da kansu suke faɗin haka. Kalmar "use" daga Faransanci ta shigo Turanci, cikin ɗimbin kalmomin da suka biyo bayan cin Ingila da Normawa suka yi a 1066, kuma ɗaya daga cikin ma'anoninta a can da shi ne sabawa da yin abu. A wasan Shakespeare na Romeo and Juliet, wanda aka fara bugawa a 1597, mahaifin yarinyar ya yi amfani da ita a lokacin yanzu sa'ad da yake tsare 'yarsa a kan auren da ya yanke mata, yana gaya mata shi ba mai yin wasa da magana ba ne. Daga baya wannan siga ta mutu a bakin masu harshen, ta bar ta baya ita kaɗai. Nakan ce wa ɗalibaina Turancinsu daidai ne, makara kawai suka yi da shekara ɗari huɗu. Su yi dariya, wasu su gyara, wasu kuwa gobe su maimaita.

Wani zai ce duk wannan ƙa'idar aji ce, iyakarta jarrabawa. Ni ma da haka na ɗauka, sai da na raka yayana asibiti.

Yayan nawa tsohon akawu ne, shekara da shekaru yana rubuta wasiƙun ofis, kuma ba ya son a yi masa tafinta. Hawan jini ke damunsa. Muka je wani asibiti a Abuja, aka haɗa mu da wani likita Ba'indiye. Ya gwada jinin, ya ga ya hau sosai, ya tambaya ko yana shan ƙwayoyin da aka rubuta masa. Yaya ya gyara zama ya ce, "Yes, doctor, I used to take them every morning."

Likita ya ajiye biro. Ya ce, "When did you stop?"

Yaya ya juyo ya dube ni, ransa a ɓace. "Wa ya ce masa na bari? Ni da ko karyawa ba na yi sai na sha?"

Na ce, "Yaya, kai ka gaya masa yanzun nan."

Na yi wa likita bayani cewa mutumin nan bai taɓa tsallake rana ba. Sai ya soke abin da ya fara rubutawa a katin. A hanyar komawa gida na yi ta juya abin a raina. Jinin da ya hau saboda mutum ya bar shan magani daban, jinin da ya hau alhali ana sha kullum daban. Na farko faɗa za a yi masa a ce ya koma kan maganinsa. Na biyu kuwa maganin ne za a sake dubawa, ko a ƙara ko a canza. Da ba na wurin, da an sallame shi da faɗa da tsohon magani. Yaya bai yi mini magana ba sai da muka wuce Zuba, sannan ya ce, "Wato shekara talatin ina gaya wa mutane na daina abubuwa ban sani ba."

Sauran ƙa'idojin wannan siga ba su da yawa. In za a kore ta ko a yi tambaya da ita, "did" ce ke shigowa ta ɗauke nauyin lokacin, sai "d" ɗin ya faɗi: "I didn't use to like tea", a da ba na son shayi. "Did you use to live in Zaria?", a da a Zariya kake zaune? Za ka ga masu harshen da kansu suna rubuta "didn't used to", kuma masana suna ta gardama a kai, amma a takardar jarrabawa ka cire "d" ɗin ka huta. Akwai kuma "I used not to", irin ta tsofaffin littattafan Ingila, daidai ce sai dai ta yi nauyi a baki. Mafi sauƙi duka ita ce "I never used to", wadda ba ta taɓa "d" ɗin ba balle a yi rigima.

Ba ta kuma jituwa da ƙidaya. Ba a cewa "I used to go to Mecca three times", ba a cewa "I used to live in Sokoto for five years". Da zarar ka faɗi sau nawa ko shekara nawa, sai ka koma ga shuɗaɗɗen lokaci na kullum: "I went to Mecca three times", "I lived in Sokoto for five years". A nan Hausa ma tana bayanmu, domin babu mai cewa "nakan je Makka sau uku" yana nufin iyakar zuwansa ke nan a rayuwa.

Furuci shi ma yana da hannu a rikicin. A bakin mai harshen, "used to" ta al'ada da sautin "s" take fita, kuma "d" ɗin yakan narke cikin "t" da ke biye, sai ka ji kamar "yusta". Kunne bai ji "d" ba, hannu kuwa abin da kunne ya ji yake rubutawa, shi ya sa ko wanda ke nufin abin da ya wuce sai ka ga ya rubuta "I use to". Akwai wata "used to" ɗin kuma da sautin "z", wadda ba ta da dangi da al'ada ko kaɗan. "A hoe is used to clear weeds", ana amfani da fartanya wajen noma ciyawa. Wannan aikatau ne na amfani kawai ya yi kiciɓis da "to" a hanya.

Yanzu sai babbar 'yar'uwarta, wadda suka yi kama kamar an tsaga kara, amma hali ya bambanta. Ita ce "be used to", wato "I am used to", "he is used to", "they were used to". Wannan ita ce "saba da" ɗinmu. In zan koyar da ita, labarin mahaifina nake bayarwa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, yana ɗaukar auduga da gyaɗa tsakanin Funtuwa da Gusau. Ina ɗan shekara tara, ranar 2 ga Afrilu 1972, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama irin na maƙwabtanta. Direbobin da ke shiga Maraɗi ta Jibiya sun riga sun ɗanɗana hannun dama, domin da sun tsallaka iyaka suke sauya hannu. Shi kuwa Baba bai taɓa fita ƙasar ba. Na tuna ya yago jan ƙyalle ya ɗaure a madubin dama na motar, wai don idonsa ya riƙa tuna masa inda zai bi. Ya ce a miƙaƙƙiyar hanya babu wuya, a shataletale ne da kuma bayan an tsaya shan mai hannu yake komawa gidansa na da ba tare da shawara da kai ba. Ba banza aka ce sabo turken wawa ba. Jan ƙyallen nan ya fi wata uku a madubin, har rana ta mayar da shi fari.

Daga wannan labari jimla uku nake fitarwa a allo. "My father used to drive on the left": a da yakan yi tuƙi a hagu, yanzu ya bari. "He was used to driving on the left": ya saba da tuƙi a hagu, jikinsa ya karɓa. "He had to get used to driving on the right": dole ta sa ya koyi sabawa da tuƙi a dama. Ta farko labarin abin da ya wuce take bayarwa. Ta biyu halin da mutum yake ciki take nunawa. Ta uku kuwa hanyar shiga wannan hali ce, wato wata ukun nan na jan ƙyalle.

Dubi abin da ya biyo bayan "to" a kowace. A ta farko "drive" ne, aikatau tsurarsa. A sauran biyun "driving" ne, da ɗafa-ƙeyar "ing". Nan ne ɗalibai ke zubewa, domin an koya musu tun suna firamare cewa bayan "to" aikatau ba ya ɗaukar kaya. Gaskiya ne, amma wannan "to" ɗin wata ce daban. Aikin "da" take yi a cikin "saba da", kuma abin da ke bin "da" suna ne. Na saba da zafi, "I am used to the heat". Na saba da shi, "I am used to him". In kuwa aiki ne ka saba da shi, sai ka mayar da aikin suna kafin ka ajiye shi a wurin. Hausa ma haka take yi: "na saba da tafiya a ƙasa" muke cewa, babu mai cewa "na saba da na tafi a ƙasa". Yadda "tafi" ta koma "tafiya", haka "walk" take komawa "walking": "I am used to walking." Gwajin da nake ba yara shi ne su cire aikin su sa "it" a gurbinsa. In jimlar ta tsaya da ƙafarta, kamar "I am used to it", to "ing" ake bukata. In ta faɗi, kamar "I used to it", to ta farkon ce, a bar aikatau tsurarsa.

Wani bambancin kuma, ita wannan ba a ɗaure take da jiya ba. Tana zuwa yau, tana zuwa gobe. Amarya ta tare a gidan da ba ta sani ba, tana kuka, gwaggonta ta ce mata "za ki saba". Da Turanci "you will get used to it" ke nan. Kuma ka lura Hausa tana cewa "na saba zuwa kasuwar nan" da ma'anar nakan je, tana kuma cewa "na saba da kasuwar nan" da ma'anar na san kanta. Kalma ɗaya ce a wurinmu, "da" kawai ta raba su. Turanci kuwa gida biyu ya yi musu, na farko "I usually go", na biyu "I am used to". Wanda ya haɗa su ya ce "I am used to go" ya faɗi tsakanin gidajen biyu, bai shiga ko ɗaya ba.

Na yi shekaru ina cikin masu duba takardun Turanci na WAEC. A ɓangaren insha'i maki 50 ne, an ware 10 domin tsabtar nahawu da rubutu, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Yaron da aka ce ya rubuta wasiƙa ya bayyana yadda yake tafiyar da ranarsa, in ya kama "I used to wake up", "I used to sweep", "I used to go to school", kafin ya kai tsakiyar shafi jan biro ya yi masa ɓarna. Abin da ke ba ni takaici, sau da yawa yaran da suka fi ƙoƙari ne ke yin haka. Rago "I go to school" zai rubuta don ita ce mai sauƙi, ya dace. Mai himma ne ke neman ya ƙawata, ya janyo wa kansa.

Muna da wani abokin aiki da muka daɗe muna gardama da shi a ɗakin malamai. Shi ra'ayinsa, Turancin Nijeriya ya zama harshe mai cin gashin kansa, in miliyoyin mutane suna cewa "I use to" suna fahimtar juna, to wane ne ni da zan ce kuskure ne? Ban ƙi ta tasa gaba ɗaya ba. Ba ni da rigima da wanda ya wuce masu aiki ya ce musu "well done" yana nufin sannu da aiki, wannan gaisuwarmu ce ta sa rigar Turanci, kuma ta yi mata kyau. Ko "I am coming" da muke faɗa muna fita, wato "ina zuwa", iyakarta baƙo ya yi murmushi. Amma waɗannan ba su juya magana ta koma kishiyarta ba. Ita "used to" juyawa take yi. Mai salla ta mayar da shi wanda ya bari, mai shan magani ta mayar da shi wanda ya watsar. Kuma wasiƙar neman aiki, da takardar neman gurbin karatu a waje, da amsar da za ka ba likita, ba ka da iko a kan wanda zai karɓe su.

Ɗan ƙanwata ya sake kwafe wasiƙarsa a nan zaure kafin Magariba. Wuri ɗaya kawai muka bar "used to", inda ya ce "I used to teach children in my neighbourhood before I went to the university", domin wannan kam ya yi ta, kuma ya bari. Ya kai, aka kira shi ganawa, aka ɗauke shi.

Bayan mako uku da fara aiki sai ga saƙonsa a waya da sassafe. Ya gaishe ni da Hausa, ya tambayi jikin Yaya, sannan ya rufe da Turanci, ina jin don ya nuna mini karatu ya zauna: "Kawu, I am getting used to wake up early."

Na nemo tabarau, na rubuta masa kalma ɗaya: "waking".